Daga Dublin zuwa Manaus: takardun da jirgin shaƙatawa ke nema a hannun ɗan Ayilan

Duk shekara, daga wajen Nuwamba zuwa Maris, akwai jiragen ruwan shaƙatawa da ke tashi daga jihar Florida ta Amurka, su ratsa tsibiran Karibiyan, su bi gaɓar arewacin Kudancin Amurka, su kutsa cikin Kogin Amazon har birnin Manaus na Barazil, sannan su juyo. Tafiyar kan ci mako uku zuwa huɗu. A hanyar zuwa jirgin kan yada zango a Barbados ko Saint Lucia, ya tsaya a tsibiran Salut na Giyanar Faransa, inda tsohon kurkukun Tsibirin Shaiɗan yake, sannan ya shiga kogin ta wajen Macapá, ya taɓa Santarém da Parintins, ya isa Manaus da ke kusan kilomita 1,500 daga bakin teku. A hanyar dawowa sai ya sake tsayawa a tsibiri ɗaya ko biyu kafin Miami.

Mu ɗora wasu ma'aurata 'yan Ayilan a kan wannan jirgi. Ba wasu takamaiman mutane nake nufi ba, amma masu irin shekarunsu ne suka fi cika ɗakunansa, kuma duk dokar da za ta shafe su ta gaske ce. Maigidan yana da shekara 68, ya yi ritaya, lafiyarsa ƙalau in ban da hawan jini da yake shan magani a kai. Uwargidan tana da 57, ma'aikaciyar jinya ce, ta taɓa aiki a wani asibiti a Afirka ta Yamma a shekarun 1990, kamar yadda 'yan Ayilan da yawa na zamaninta suka yi ta hanyar coci ko ƙungiyoyin agaji. Sun biya kuɗin kujera a watan Satumba, jirgi zai tashi daga Miami ranar 10 ga Janairu. Dukansu suna riƙe da fasfon Ayilan, wanda ke cikin fasfunan da suka fi buɗe ƙofa a duniya, shi ya sa hankalinsu yake kwance.

Wannan kwanciyar hankali ita ce matsalar. Fasfo yana amsa tambaya ɗaya ce: kai ɗan wace ƙasa ne? A irin wannan tafiya kuwa, tambayoyin da ke hana mutum hawa jirgi daban suke. Ina da ina ka je a baya? Shekarunka nawa? Kuma wace tasha jirgin ya baro kafin ya iso wannan?

Batun fasfon ba ya buƙatar dogon bayani. Tun 2015 Ayilan take bayar da katin fasfo, ɗan ƙarami da ake sakawa a walat, kuma mutane sun saba yawo da shi a Turai da Birtaniya har sukan manta iyakarsa. Ba ya aiki a Amurka ko Barazil. Littafin fasfo ake so. Na manya yana shekara 10 kafin ya ƙare. Amurka ba ta tilasta wa ɗan Ayilan sai fasfonsa yana da sauran wata shida ba, ya isa in zai kai ƙarshen ziyarar. Amma kamfanonin jiragen shaƙatawa galibi sukan kafa nasu sharaɗin na wata shida bayan ranar sauka, kuma ma'aikacin da ke teburin shiga jirgi sharaɗin kamfaninsa yake bi, ba jerin yarjejeniyoyin ƙasashe ba. Wanda fasfonsa zai ƙare a watan Mayu, ya sabunta tun Oktoba ta shafin intanet na Ma'aikatar Harkokin Waje, ya huta.

Havana ta dawo wa maigida

Ayilan ta shiga tsarin ɗage biza na Amurka a 1995. Ɗan ƙasar ba ya zuwa ofishin jakadanci don ziyarar da ba ta wuce kwana 90 ba. Izinin ESTA kawai yake nema ta intanet, wanda ke aiki shekara biyu ko zuwa ranar da fasfo zai ƙare. Kuɗinsa dala 21 ne tun 2022, aka mayar da shi dala 40 a ƙarshen Satumban 2025. Hukumomin Amurka suna so a nema aƙalla awa 72 kafin tafiya. Uwargida ta cika fom ɗinta a wayarta, amsa ta zo kafin dare, shi ke nan nata ya ƙare.

Maigida kuwa ya je Havana a 2023 tare da abokansa, mako guda, yawon ganin gari da tsofaffin motoci. Ranar 12 ga Janairun 2021 Amurka ta mayar da Kyuba cikin jerin ƙasashen da take zargi da ɗaukar nauyin ta'addanci, kuma duk wanda ya taka ƙasar daga wannan rana ya fita daga tsarin ɗage biza. A tsakiyar 2023 aka ƙara tambayar Kyuba ƙarara a cikin fom ɗin ESTA. A kwanakinsa na ƙarshe a mulki, cikin Janairun 2025, Shugaba Biden ya ɗauki matakin cire Kyuba daga jerin, Shugaba Trump ya soke matakin a ranarsa ta farko a ofis. Ga maigida, ba abin da ya sauya.

Irin wannan doka ta shafi wanda ya je Iran, Iraƙi, Libiya, Koriya ta Arewa, Somaliya, Sudan, Siriya ko Yaman daga 1 ga Maris 2011. Ma'aikatan agaji 'yan Ayilan da suka yi aiki a Sudan ko Somaliya sun san wannan sarai. Haka ma wanda ya zama ɗan Ayilan amma yana riƙe da zama ɗan Sudan: jan fasfonsa na Turai ba ya share masa wancan.

Ba a ce maigida ba zai shiga Amurka ba. An ce ya bi layin kowa: ya cika fom na DS-160, ya biya dala 185, ya nemi ranar ganawa a ofishin jakadancin Amurka da ke unguwar Ballsbridge a Dublin, ya bar fasfonsa a can har a manna masa bizar ziyara. Abin da ke cutar da mutane shi ne lokaci. Wanda ya gano haka a Satumba yana da sarari. Wanda ya bari sai bayan Kirsimeti ya buɗe fom ɗin ESTA, yana ganin aikin minti goma ne, ya riga ya makara. Akwai masu ba da shawarar a amsa da "a'a" tunda Kyuba ba lallai ta buga hatimi a fasfo ba. Muguwar shawara ce. Yi wa hukumar shige da ficen Amurka ƙarya laifi ne da ke iya jawo haramcin shiga na dindindin, kuma ba hatimi kaɗai ne ke nuna inda mutum ya je ba.

A Ayilan wannan hukunci yana faɗowa ne tun a gida. Filayen jiragen saman Dublin da Shannon suna da jami'an kan iyakar Amurka da ke tantance fasinja kafin ya tashi, ta yadda zai sauka a Florida tamkar fasinjan cikin gida. Sauƙi ne babba ga wanda takardunsa suka cika. Wanda nasa suka gaza, ko tekun ba zai gani ba. Kada a manta kuma, sau biyu ma'auratan za su shiga Amurka: ta sama a farko, ta ruwa a ƙarshe, lokacin da jirgin ya dawo Miami. Izinin da ke hannunsu dole ya rufe duka biyun.

Sauran ƙasashen hanyar ba su da wahala ta fuskar biza. Barbados da Saint Lucia ba sa neman biza daga ɗan Ayilan mai yawon buɗe ido. Barazil ma haka, har kwana 90. Abin dariyar shi ne, tun 10 ga Afrilun 2025 Barazil ta dawo da biza ga Amurkawa da 'yan Kanada da Ostireliya, wato mafi yawan fasinjojin jirgin. Saƙonnin da kamfanin ke turowa don su aka rubuta, don haka ma'auratanmu za su ga gargaɗi da manyan baƙaƙe a kan bizar Barazil da ba ta shafe su ba, alhali ba wanda ya ce musu uffan a kan Kyuba, tunda Ba'amurke ba ya neman ESTA. Karanta takardar kamfani da idon wanda aka rubuta dominsa, wannan ma aiki ne.

A nan ya kamata a ja hankalin masu zama a Ayilan da ba su karɓi takardar zama ɗan ƙasa ba tukuna, ciki har da 'yan Najeriya da yawa da ke Dublin da Cork da sauran garuruwa. Katin izinin zama ba fasfo ba ne. Mai riƙe da shi, dokar koren fasfonsa ce ke kansa: bizar Amurka, bizar Barazil, da biza ta musamman ta yankunan Faransa na ƙetare, domin bizar Shengen, ta shiga ƙasashen Turai, ba ta aiki a Giyana. A gida ɗaya ana iya samun uwa da 'ya'ya da ba sa buƙatar komai sai ESTA, uba kuma yana buƙatar biza uku ko fiye.

Katin rigakafin cutar shawara

A duk tsawon hanyar, wuri ɗaya ne ma'auratan suke da cikakken haƙƙin shiga ba alfarma ba: Giyanar Faransa. Yanki ne na Faransa, yana cikin Tarayyar Turai, da Yuro ake ciniki, daga Kourou ma Turai ke harba taurarin ɗan adam. Ayilan tana cikin Tarayyar tun 1973, don haka ɗanta yana iya zuwa can ya zauna ya yi aiki. Amma wannan wurin ne kaɗai a hanyar da ke neman shaidar rigakafin cutar shawara daga kowane matafiyi da ya kai shekara ɗaya, ko daga ina ya fito. Ɗan birnin Paris ma sai ya nuna. Jirgin awanni kaɗan zai yi a can, a sauke mutane da ƙananan jirage zuwa tsibirin Royale su hango inda aka tsare Kyaftin Alfred Dreyfus, hafsan sojan Faransa, daga 1895 zuwa 1899, amma awannin nan sun isa su sa dokar ta hau kan kowa.

Barazil, inda haɗarin cutar ya fi girma, ba ta tilasta katin ga masu shigowa. Shawara kawai take bayarwa. To amma da zarar jirgi ya fito daga Barazil, fasinjojinsa sun zama masu fitowa daga ƙasar da cutar ke yaɗuwa, kuma tsibiran Karibiyan da yawa, ciki har da Barbados da Bahamas da Saint Lucia, suna neman katin daga irin waɗannan. Tsibirin da ya karɓe ka hannu biyu a hanyar zuwa, shi ne zai tambaye ka takarda a hanyar dawowa. Ba kai ka canja ba, tashar da ka baro ce ta canja. Dalilinsu a fili yake: suna da sauron Aedes aegypti da ke ɗaukar cutar, ba su da cutar, kuma mutum ɗaya mai ƙwayar a jininsa ya isa ya kunna ta. Katin ba don kare matafiyi aka ƙirƙire shi ba, don kare garin da zai sauka ne. Duk wanda ya taɓa shirin aikin Hajji ya san salon: ba ka da shaidar allurar sanƙarau, ba ka hau jirgi ba, ko da ka rantse lafiyarka lau.

Ƙa'idojin katin suna cikin Dokokin Lafiya na Ƙasa da Ƙasa na 2005, waɗanda Hukumar Lafiya ta Duniya ke kula da su. Ba kowane likita ke iya bayar da shi ba, sai cibiyar da hukumar lafiyar ƙasa ta amince da ita, wadda a Ayilan ita ce HSE. Asibitocin matafiya irin na Tropical Medical Bureau da wasu likitocin unguwa suna cikin jerin. Katin yana fara aiki kwana 10 bayan allura. Kuma mutum ne zai biya daga aljihunsa, domin alluran tafiya ba sa cikin abin da katin lafiya na kyauta ke ɗauka.

Uwargida ta tono tsohon katinta mai ruwan ɗorawa daga cikin akwati, an buga masa hatimi a 1994, an rubuta yana aiki shekara goma. A da, da ya mutu tun 2004. Amma daga 11 ga Yulin 2016 aka gyara dokar: allura ɗaya ta wadatar har ƙarshen rayuwa, kuma gyaran ya haɗa da tsofaffin katuna ko me aka rubuta a jikinsu. Babu ƙasar da ke da ikon neman a sake mata allura don katin ya tsufa. Abin dubawa shi ne ko ana iya karanta rubutun, ko akwai hatimin cibiya da sa hannu da lambar maganin, da kuma suna. A 1994 da sunan gidansu take amfani, fasfonta na yanzu yana ɗauke da sunan mijinta. Ƙaramin abu ne da ke zama babba a gaban ma'aikacin da ke da mutum dubu a layi. Ta je cibiyar rigakafi da katin da takardar aure, a ga ko za a sake rubuta mata sabo bisa tsohon bayanin.

A wajen maigida ne gizo ke saƙa. Bai taɓa yin allurar ba, kuma ya haura 60.

Maganin rigakafin shawara, nau'in 17D da Max Theiler ya samar a shekarun 1930 har ya ci kyautar Nobel a 1951, yana cikin mafi inganci da aka taɓa yi: cikin kwana 30 fiye da kashi 99 cikin 100 na waɗanda aka yi wa sun samu kariya. Sai dai ƙwayar cuta ce mai rai da aka raunana, kuma a jikin mutane ƙalilan takan yi abin da asalin cutar ke yi, ta kama hanta da ƙoda, ko ta taɓa ƙwaƙwalwa da jijiyoyi. Wannan yana faruwa kusan kacokan a allurar farko, kuma yana ƙaruwa da shekaru. Alƙaluman hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka sun nuna cewa a tsakanin masu shekara 60 zuwa sama, kusan mutum 1 cikin 100,000 ne ke samun illar kayan ciki, kusan 2 cikin 100,000 kuma illar jijiyoyi. Adadi ne ƙarami, amma illar kayan cikin tana kisa sosai. A Janairun 2019 wani fitaccen likitan cutar daji a Landan, mai shekara 67, ya rasu jim kaɗan bayan an yi masa allurar, kuma a ƙarshen shekarar 2019 hukumomin magunguna na Birtaniya suka tsaurara shawararsu: kada a yi wa wanda ya kai 60 sai in akwai haɗarin kamuwa na gaske da ba za a iya kauce masa ba. Likitocin Ayilan sun san da wannan, da allura iri ɗaya suke aiki, mai suna Stamaril.

Akwai waɗanda ba a yi musu kwata-kwata: jarirai 'yan ƙasa da wata shida, masu raunin garkuwar jiki saboda cuta ko magani, waɗanda aka cire wa ko suke da ciwon taimus, wani ɗan ƙulli da ke bayan ƙashin ƙirji, da waɗanda ƙwai ke tayar musu da mummunan borin jini. Shekaru ba sa cikin wannan rukuni. Shekaru dalilin taka-tsantsan ne, ba haramci ba. Don haka likita zai zaunar da maigida ya auna masa abu biyu.

Ga ɗaya gefen ma'aunin: cutar ba ta da magani. Mafi yawan waɗanda suka kamu sukan warke bayan 'yan kwanaki na zazzaɓi da ciwon jiki, amma wani kaso yakan shiga mataki na biyu, ido ya yi ɗorawa, jini ya riƙa fita, kuma kusan rabin waɗannan sukan mutu cikin kwana 7 zuwa 10. Daga 2016 zuwa 2018 Barazil ta ga ɓarkewar da ta daɗe ba ta ga irinta ba, ɗaruruwan mutane suka mutu a jihohin Minas Gerais da São Paulo da Rio de Janeiro. A farkon 2018 aka ba da rahoton matafiya 10 daga ƙasashen waje da suka kamu, 4 suka mutu, ba ko ɗaya da ya yi allura, kuma mafi yawansu a Ilha Grande suka kamu, tsibirin da jiragen shaƙatawa ke tsayawa. A dajin Amazon kuwa ƙwayar tana zagayawa kullum tsakanin birai da sauron daji, ba sai an jira ɓarkewa ba.

Idan likita ya ga bai dace a yi allurar ba, yana iya rubuta takardar uzuri, da Turanci ko Faransanci, da hatimin cibiyarsa. Mutane suna ɗaukar wannan takarda kamar madadin katin. Ba haka ba ne. Abin da dokar ta ce shi ne hukumomin ƙasar da aka isa su yi la'akari da ita. Ba ta ce dole su karɓa ba, kuma ta ba su damar killace marar kati har kwana 6, tsawon lokacin da cutar kan ɗauka kafin ta bayyana. Kamfanoni ma sun bambanta: wani zai karɓi uzurin, wani zai ce a zauna a cikin jirgi a wasu tashoshi, wani ba zai ɗauki mutum ba sam. Ko an karɓa ma, sauro ba ya karanta takarda.

A ganina ya kamata a raba tafiye-tafiye gida biyu. Akwai wadda katin takarda ce zalla, misali jirgin da zai taɓa tashar wani babban birni na bakin teku na 'yan awanni inda haɗarin bai taka kara ya karya ba, amma tasha ta gaba tana neman shaida. A nan, yi wa dattijo allura don a gamsar da jami'i ganganci ne, takardar uzuri ta fi dacewa. Tafiyar Manaus ba irin wannan ba ce. Kwana da kwanaki za a yi a tsakiyar daji, ana shiga ƙananan kwale-kwale ana kutsawa cikin rafuffuka, ana yawo a ƙauyukan bakin kogi. Wanda jikinsa ba zai ɗauki allurar ba, gara ya canja hanya, ya hau jirgin Bahar Rum ko na gaɓar Norway, da ya shiga Amazon da takardar uzuri. Wanda kuma likita ya bincika ya ga ba shi da wata matsala sai shekaru, kamar maigidanmu, shi zai yanke: ko ya karɓi ƙaramin haɗarin allura, ko ya haƙura da kogin. Abin takaicin shi ne yawancin mutane sai sun biya kuɗin jirgi suke jin wannan magana, lokacin da kuɗin da suka zuba ya riga ya danne ma'aunin.

Wanda ke riƙe da ƙofa

A tafiyar jirgin sama, jami'in ƙasar da ka isa ne ke duba ka. A jirgin shaƙatawa ba haka abin yake ba. Hukumomin tasha jirgin gaba ɗaya suke tantancewa: a Barazil jami'an 'yan sandan tarayya da na hukumar lafiya ta Anvisa ne ke duba jerin fasinjoji da takardun jirgi, sau da yawa fasfunan ma suna hannun ofishin jirgin ne. Fasinja ɗaya marar takarda yana iya jawo wa jirgi jinkiri ko tara. Shi ya sa kamfani ke duba komai tun a Miami, ranar farko, kuma shi ya sa hujjar "ai ba zan sauka a tashar ba" ba ta cika karɓuwa ba. Jirgi yana shiga ruwan ƙasa, kana cikin ƙasar. Wannan ya sauya lissafin kwana 10 ɗin ma. A bisa doka ya isa katin ya fara aiki ranar isa Giyana, amma ma'aikacin da ke Miami yana so ya ga kati mai aiki ranar 10 ga Janairu. Wato 31 ga Disamba ita ce rana ta ƙarshe, a tsakiyar hutun da cibiyoyi suke rufe. Shawarar da ake bayarwa a Ayilan ita ce a ga likita aƙalla mako 8 kafin tafiya. Ga mai shekara 68 ma ya fi, don in jiki zai nuna wata alama ya nuna yana gida kusa da likitansa.

Dokar Tarayyar Turai ta 2015 kan tafiye-tafiyen dunƙule ta wajabta wa mai sayar da tafiya ya ba da bayani na gaba ɗaya a kan fasfo da biza da sharuɗɗan lafiya kafin a ƙulla ciniki. Na gaba ɗaya aka ce. Wakilin tafiye-tafiye bai san maigida ya je Havana ba in ba a faɗa masa ba. Yarjejeniyar kamfanonin jirage kuma kusan kullum tana ɗora nauyin takardu a wuyan fasinja, wanda aka hana shiga don rashinsu ba a mayar masa da kuɗi, inshorar tafiya ma ba kasafai take biyan irin wannan asara ba.

Sauran batutuwan lafiya ba mai tambayar shaidarsu a teburi, amma likitan matafiya zai bi su ɗaya bayan ɗaya: allurar ciwon hanta nau'in A, ta taifot, ƙarin ta tetanus, da ta mura da korona, tunda watan Janairu ne kuma za a kulle da dattawa masu yawa a wuri ɗaya. Ƙyanda ba ta cika damun waɗanda aka haifa a Ayilan kafin 1978 ba, ana ɗauka sun yi ta suna yara. Amma matashin da ke buƙatar allurarta tare da ta shawara, an fi so a raba su da mako huɗu. Zazzaɓin cizon sauro yana nan a Amazon, kuma ba allura ake yi wa matafiyi dominsa ba, ƙwayoyi ake sha. Likita zai duba ko kwana a cikin jirgi mai sanyi za a riƙa yi ko akwai kwana a masaukin daji. Dengi da sauran zazzaɓin da ƙwari ke kawowa, maganinsu man korar sauro da riga mai dogon hannu.

Katin inshorar lafiya na Turai da HSE ke bayarwa yana aiki a asibitin gwamnati a Giyanar Faransa, wato na 'yan awanni a tafiyar mako huɗu. Ba ya aiki a Amurka, ba ya aiki a Barazil, ba ya aiki a asibitin cikin jirgi, wanda na kuɗi ne kuma a asusun ɗakinka ake rubuta bashin. Inshorar da za a saya sai ta ambaci tafiyar jirgin ruwa da ɗauko marar lafiya daga nesa, kuma maigida ya bayyana hawan jininsa tun farko.

Idan suka bi abin da tsari, Satumba na maigida ne da fom ɗin biza, Oktoba na likita da yanke shawarar allura, kafin ranar biyan ragowar kuɗin jirgi, lokacin da janyewa ba ta wuce asarar kuɗin kafin alƙalami ba. Nuwamba su nemi kamfani ya rubuto musu matsayinsa a kan tsohon katin uwargida, su buga amsar a takarda su haɗa da fasfo. Bayan haka sai sa ido a kan jadawalin, domin yana iya sauyawa. A Oktoban 2023, saboda fari, ruwan kogin Rio Negro a Manaus ya sauka zuwa mita 12.70, mafi ƙanƙanta tun da aka fara aunawa a 1902, a Oktoban 2024 ya ƙara sauka zuwa 12.11, kuma a farin na 2023 wasu jirage sun soke shiga kogin suka maye gurbinsa da wasu tashoshi. Duk tashar da aka ƙara ko aka cire, sai a sake bin jerin daga farko a ga wace ƙasa ce yanzu ke bin bayan wace.